Basillar da Ta Warware Gari

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tara ruwa inda ya ga dama, ya bar wa bayinsa hannu biyu da ɗan guntun hankali. Ku matso, ku da ruwa bai taɓa ƙwanƙwasa muku ƙofa ba. Ku gyara zama, ku da kuke taka busasshiyar ƙasa kullum ba ku taɓa sunkuyawa kun dube ta ba. Ni ne Anaruwa, gyartai ɗan gyartai, mutumin Tungar Gishiri. Ɗinkin fasasshiyar ƙwarya na gada, shi kaɗai na iya, kuma da na tsaya a kansa da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Duniyarmu ba irin taku ba ce, siffar akushi gare ta. A can bakin akushin, sama ƙwarai, ƙanƙara ce ta kewaye ko'ina tun kafin kakanni. A gangare akwai ƙasashe bakwai, wata bisa wata. A gindi kuwa Tekun Ɗaci ne kwance, mu mutanen Tunga muna gaɓarsa, ƙasan kowa da kowa. Duk abin da aka zubar daga sama a ƙofarmu yake tsayawa.

Shekarar da na cika arba'in teku ya fara tafiya. Ba ambaliya ba ce da za ta zo da hauka ta koma. A hankali yake tahowa kamar mai zuwa gaisuwa, taki goma kowane wata, kuma ba ya komawa. Ya ci matsayar jirage, ya ci kasuwar kifi, ya ci maƙabarta. Masana suka ce ƙanƙarar sama ce ke narkewa saboda wutar maƙerun ƙasar Zugazugi, wadda ke dab da ita. Muka aika wa mutanen tudu su ba mu wurin zama, suka rufe ƙofofinsu, suka ce su ma zafi ya ƙone musu gonaki.

Kada in yi muku ƙarya, ba gari ne ya dame ni ba, Inna ce. Mahaifiyata Gwamma ƙafafunta sun mutu shekara shida da suka wuce, daga ɗaki sai gindin tsamiya, nan ma sai na ɗauke ta. Wata safiya na auna daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin ruwa, na sami taki ɗari uku cif. Wata talatin ke nan. Na durƙusa na gaya mata zan hau sama in roƙi masu wuta su kashe.

Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari. Ta ce, "Gyartai, mutanen da ba su saurari dattawan gari ba, kai za su saurara da basilla a bayan kunne?"

Na ce, "Inna, ba a hana gyartai shiga gari. Ko'ina akwai fasasshiyar ƙwarya."

"To wa zai riƙa fitar da ni gindin tsamiya?"

Maƙwabcinmu na jikin katanga Cindo ne, mai yatsa shida da taurin kai na mutum goma. Shekara goma ba ma ko gaisawa a kan wannan tsamiyar, don a kan iyaka ta tsiro, kowa na cewa ta ubansa ce. Gara in mutu da in roƙe shi. Na bar Inna a hannun ƙanwata, na rataya burgamina, na kama hanya.

Wata uku ina hawa kafin in isa Zugazugi. Maƙeru dubu ne a ƙasar, kowace da bututun hayaƙi kamar hasumiya, rana ba ta fitowa sai dai ka ga wani jan tabo a sama. Ƙarfen duniya kaf nan ake narka shi, har da tukunyar Inna, har da basillar da ke bayan kunnena. Na faɗi gaban Korau, mai babbar maƙera, wani ƙato da gira ta ƙone masa tun yana saurayi, na zayyana masa halin da muke ciki.

Abin da ya ba ni mamaki, bai musa ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Mun sani. Mu da muke ganin ƙanƙarar tana hawaye kullum? Amma duba, bawan Allah. In na kashe tawa, saura ɗari tara da casa'in da tara suna ci. Ƙanƙara ta narke, garinku ya nutse, ni kuma 'ya'yana su kwana da yunwa. Wa na ceta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ku kashe gaba ɗaya mana!"

Ya yi dariya har da tari. "Mun gwada. Muka taru, muka rantse ranar kaza kowa zai kashe. Na koma gida na ce a raina, tun da kowa zai kashe, tawa guda ɗaya ba za ta yi komai ba, kuma ranar ni kaɗai zan sami masu saye. Ashe kowa haka ya raya. Wallahi ba a taɓa yin hayaƙi a ƙasar nan kamar na wannan rana ba."

Sai hawaye suka zubo mini. Shi kuwa ya dubi ƙwanjina, ya ce baƙon da ya shigo Zugazugi ba ya fita sai ya yi shekara bakwai yana zuga. Haka aka sa mini mari a ƙafa, ni da na zo kashe wuta na koma mai hura ta. Kowace zuga na yi, sai in ji kamar da hannuna nake tura ruwa ƙofar Inna.

Sana'a ce ta cece ni. Zugazugansu na fatun shanu ne, kullum suna yagewa, da suka ga ɗinkina ba ya fitar da iska sai aka cire mini mari aka mai da ni mai faci. Wata rana na ga wani guntun fata ya faɗa bakin bututu, zafin hayaƙi ya ɗaga shi sama yana lilo. Daga ranar na shiga tara fatun da suka siɗe aka yar. Wata huɗu ina haɗa su da irin ɗinkin da nake yi wa ƙwaryar fura, har suka zama wata ƙatuwar jaka. Ranar nan da azahar, kowa ya sa kai a akushin tuwo, na haura da ita kan bututu, na kifa bakinta, na ɗaura kwandon gawayi a ƙasa, na shiga na yanke igiya. Kai! Sai ga ni a sama, Korau yana ta zunduma ashar da lomar tuwo a hannu. Hayaƙin da ke kashe garinmu shi ya ɗauke ni, wata bakwai bayan kama ni.

Kwana biyu iska tana wasa da ni kafin jakar ta huce, na faɗo a kan wani ƙaton ɓaure, na maƙale a reshe kai a ƙasa. Wata tsohuwa ce a reshen da ke kusa, zaune da ƙafa a miƙe, tana ɗaura wa 'ya'yan ɓaure ƙananan jakunkunan tsumma. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka karya mini aikin wata uku. Sauko ka riƙe mini zare."

Sunanta Hakama, shekara arba'in tana zaune a wannan kurmi tana kallon abu ɗaya. Da na ba ta labarina, sai ta fasa ɗan ɓaure ta nuna mini wani ƙwaro a ciki, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ce ɓaure ba ya yin iri sai wannan ƙwaro ya kawo masa garin fure daga wata bishiya, shi kuma ƙwaron ba shi da wurin saka ƙwai a duniya sai cikin ɗan ɓaure. Na ce, "Allah sarki, Iya, ashe har ƙwari sun fi mutanen Zugazugi kirki."

Ta harare ni. "Wane kirki? Ƙwaro ya san kirki? Zo ka gani." Ta nuna mini jakunkunanta. A wasu ta saka ƙwari masu ɗauke da garin fure, a wasu ta saka waɗanda ta share musu garin da gashin tsuntsu, suka shiga hannu wofi, suka yi ƙwai ba su ba bishiya komai ba. Waɗannan na biyun, yawancinsu bishiya ta zubar da su ƙasa tun suna ɗanyu, da ƙwai da komai. "Ka gani? Kowa yana buƙatar ɗan'uwansa, kuma wanda ya ci bai bayar ba a jikinsa yake gani, nan take. Su masu wutarka wa ke zubar da su? Ɓarnarsu a ƙofar uwarka take sauka."

Na ce, "To Iya, ki ba ni magani."

Ta nuna mini kurmin da hannu. Sai a lokacin na lura rabin bishiyoyin a tsaye suke kawai, ba 'ya'ya. Ta ce ƙwaron kwana ɗaya ko biyu yake yi a duniya, kuma tun da zafi ya ƙaru yana mutuwa a hanya kafin ya isa bishiya ta gaba. Ba ɓaure, jemagu sun tafi, birai sun tafi. "Na san ciwon sarai, ɗan nan, ba ni da maganinsa. Amma in ruwan ba zai tsaya ba, je ka ka koyi zama a kansa. Akwai wani gari a tsakiyar Tekun Ɗaci, ana ce masa Shimfiɗa. Shekara ɗari biyar suna bisa ruwa. Ka duba da kyau abin da ya riƙe su, kada ka taɓa komai."

Wata biyu na yi ina riƙe mata zare kafin ƙafata da ta gurɗe a faɗuwar nan ta warke, wata biyu kuma a hanya. Na isa Shimfiɗa a cikin jirgin masu gishiri, wata goma sha huɗu da barin gida.

Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau kamar garin nan ba. Gida dubu uku, kowane a kan daɓen da aka saƙa da kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, mai kaurin ƙirjin mutum, an ɗinke su da juna da igiyar rama har sun zama ƙasa guda. Akwai kasuwa, akwai masallaci, akwai lambunan albasa, awaki na yawo. In igiyar ruwa ta taso, sai garin ya ɗan lanƙwasa ya bar ta ta wuce ta ƙarƙashi. Wani mutum mai suna Dangana ya sauke ni, siriri mai yawan dariya, kunnensa na hagu kifi ya cinye rabi.

A wurinsa na koyi aikinsu. Kacala tana ruɓewa daga ƙasa, saboda haka kowane wata sai an ƙara sabuwa an ɗinke. Ɗinkin na mutum biyu ne. Ɗaya ya yi nutso ƙarƙashin daɓe ya turo doguwar basilla sama, maigida yana sama ya jawo ta ya mayar masa ƙasa. Amma dokarsu ita ce ba mai shiga ƙarƙashin gidansa, ko shi ko ɗansa. Maƙwabcinka na dama shi zai nutse maka, kai kuma ka nutse wa na hagu. Kuma ba ta inda za a shiga ruwan sai ta haɗi, wato ɗinkin da ya haɗa gida da gida. Mai nutso zai kwance shi ya shiga, in ya fito ya mayar da sabuwar igiya.

Na tambayi Dangana dalilin dokar. Ya ce, "Baƙo, haka muka taras. Wai duk wanda ya shiga ƙarƙashin gidansa zai ga abin da bai kamata ya gani ba." Ya ƙyalƙyale da dariya. Ba wanda ya san dalili a garin, har limaminsu.

Nutson nan kuwa azaba ce. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, duhu, ga kifaye masu haƙora. Dangana maƙwabcinsa na hagu wani mugun tsoho ne da ba ya ko amsa masa sallama, amma duk wata sai ya shiga masa. A wata na uku da zuwana, ina riƙe masa igiya, ya nutse bai fito ba. Da ƙyar muka jawo shi, leɓɓansa sun yi baƙi, matarsa Yalwa tana ta kururuwa tana dukan ƙirjinsa har ya amayar da ruwa. Raina ya ɓaci. Na ce a raina, wace irin wauta ce wannan? Mu gyartai ai ba ma shiga cikin tulu kafin mu ɗinke shi.

Maganar Hakama ta faɗo mini, na ture ta gefe. Na ɗauki doguwar basillarsu na sa a wuta, na lanƙwasa ta kamar lauje. Na soka ta daga sama, ta kewayo ta ƙasa, ta ɓullo sama da kanta. Mutum ɗaya, a zaune, ba nutso, ba roƙon kowa. Yalwa ta rangaɗa guɗa. Kafin wata ya ƙare kowane gida yana da ita. Aka yi mini waƙa, aka ba ni riga, mata suka riƙa aiko mini da soyayyen kifi. Masu gishiri suka saya suna kaiwa garuruwa, suna kiranta basillar Anaruwa. Ni ma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na zauna ina koyon saƙar daɓe a natse, ina cewa da wannan zan koma in ɗauki Inna.

Abu na farko da na lura da shi, gaisuwa ta ragu. Da, ko kun yi faɗa da maƙwabci dole ku shirya kafin ƙarshen wata, don ranka zai shiga hannunsa, ko nasa a naka. Yanzu wa ya damu? Dangana ya ce mini, yana washe baki, "Wata biyar ke nan ban ga fuskar mugun tsohon nan ba, Allah ya saka maka." Kowane daɓe ya yi kauri, ya yi kyau fiye da da. Haɗin kuwa ba wanda ya sake kwance shi, don ba mai shiga ruwa. Ba na wannan gida ba ne, ba na wancan ba, saboda haka ba wanda ya duba shi.

Ranar da na gane, ina tafe ne ƙafata ta burma a tsakanin gida biyu. Na sunkuya na kama igiyar haɗi, ta marmashe a hannuna kamar tsohon tuwo. Ashe dokar nan da ba wanda ya san dalilinta, ita ke sabunta kowane haɗi na garin sau ɗaya a wata! Na ruga gida gida ina ihu. Kowa na tarar sai ya ce gaskiya ne, amma maƙwabcinsa ya fara, ai haɗin ya fi kusa da ɗakinsa. Wani ma cewa ya yi in na gyara nawa ɓangaren saura dubbai fa? Muryar Korau sak, a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Kwana tara bayan haka hadari ya taso da hantsi. Ba wani babban hadari ba ne, sun ga wanda ya ninka shi goma. Igiyar ruwa ta farko ta shiga ƙarƙashin gari, maimakon ya lanƙwasa sai na ji ƙara, ɓarrr, kamar ana yaga zane daga gabas zuwa yamma. Kasuwa ta rabu biyu. Masallaci ya tafi da mutum uku a ciki. Gidajen da ruwa ba ya iya ɗagawa suna haɗe, yanzu ɗai-ɗai yake juya su kamar faifai. Yalwa ta je karɓo wuta gida na uku, tsaga ta buɗe tsakaninta da mu. Dangana ya miƙa mata gora, ba ta kai ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya faɗa ruwa ya bi ta. Ban sake ganin ko ɗayansu ba. Ni da na jawo abin, ni ruwa ya ƙi ci, ya tofar da ni da daɓen Dangana a wata gaɓa bayan kwana shida. Na jefa lanƙwasasshiyar basillar a teku, na ɗauki miƙaƙƙiya guda da na tsinta a daɓen Dangana, na nufi gida ina kuka a hanya kamar mace mai takaba.

Na isa Tunga a wata na ashirin da takwas, ina lissafin saura taki ashirin. Ina! Ruwa ya ƙara sauri bayan tafiyata. Gidanmu babu, gidan Cindo babu, tsamiya sai kanta kawai ke leƙe. Amma mutane suna nan. Gida ɗari huɗu ne a kan daɓen kacala, kowane ɗaure da nasa turken, da tazara tsakaninsa da na kusa. Da suka gan ni gari ya ɗauki sowa. "Ga Anaruwa! Ga mai basilla!" Masu gishiri sun riga ni isowa da wata takwas, da basillar da labarin saƙar daɓe. A hannun kowa akwai ta, lanƙwashe kamar lauje.

Na tarar da Inna a kan wani ɗan daɓe da ƙanwata ta saƙa kafin mijinta ya ɗauke ta zuwa nasu. Ta rame, ta shafa fuskata. "Gyartai, an ce kai ka ceci gari. To me ya sa idonka haka?"

Na tara dattawa na gaya musu komai, da ɓaure, da haɗi, da Dangana. Na roƙe su mu ɗinke gidajen da juna kafin babbar cikar ruwa ta ƙarshen wata, wadda turke ba ya riƙewa. Suka saurara da ladabi. Ɗaya ya ce wahalar hanya ce ta taɓa ni. Wani ya ce shi daɓensa ya fi na kowa kauri, in ya haɗa da na raggo ai nutsar da shi zai yi. Wani ya ce in kowa ya yarda shi ma ya yarda. Aka yi fatiha aka watse.

Daɓen da ke hagu da namu, don Allah ya gwada ni, na Cindo ne. Na haɗiye shekara goma sha biyu na gaba, na yi masa sallama. Ya ci gaba da gyaran kifinsa. Washegari na ɗaura igiyar rama a gefen daɓenmu, na zura ɗaya bakin a miƙaƙƙiyar basilla, na nutse ƙarƙashin nasa, na turo ta sama na jira. Ba wanda ya ja. Numfashi ya ƙare, na zaro ta na fito. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In ka huda mini daɓe sai na huda maka ciki." Kashegari na koma. Kwana goma sha ɗaya ina yin haka, yara suna taruwa suna yi mini dariya, Inna tana kallo.

Rana ta goma sha biyu, da walaha, ina ƙarƙashin daɓen Cindo, basilla a sama, sai na ji ruwa ya yi wani irin nishi. Cika ta iso kwana uku kafin lokacinta. Na ji turaku suna tumɓukewa ɗaya bayan ɗaya. Igiyar da ke hannuna ta miƙe, ta fara ja. Daɓenmu ne ke tafiya, da Inna a kai ita kaɗai, mace da ko rarrafe ba ta iyawa. In na saki basilla in bi ta, ruwa ya fi ni gudu. In na riƙe, igiya za ta zare ta daga hannuna. Ba abin da zan iya yi daga ƙasa, sai dai wani ya ja daga sama. Na dafe da hannu biyu, igiya tana yanka tafina, ƙirjina kamar zai fashe, idona ya fara ganin ja. Na ce a raina, Dangana, ga ni nan zuwa.

Sai basilla ta motsa. Aka fizge ta sama da ƙarfi, igiya ta bi ta ta cikin yatsuna, sannan tsininta ya sake ɓullowa ƙasa dab da kunnena. Na ja, na mayar. Aka ja, aka mayar. Ɗinki uku muka yi kafin in fito ban san inda nake ba. Hannu mai yatsa shida ne ya kamo ni ta wuyan riga.

Da na farfaɗo, Cindo ya jawo daɓenmu ya haɗa da nasa, matarsa tana rungume da Inna. Na ɗaga kai na duba Tunga. Gidaje sun bazu a kan teku kamar ɓawon gyaɗa, wasu a kife, wasu suna ƙanƙancewa a nesa da mutane a kai suna ɗaga hannu. Muna jin kiransu, ba mu da yadda za mu yi. Kafin la'asar ko ɗaya ba ma hangowa.

Cindo ya tofar da yawu a ruwa, ya ce, "Wata mai zuwa ni zan shiga ƙarƙashin naka. Amma ka sani, tsamiyar nan ta ubana ce."

Na ce, "Taka ce."

Yau wata tara ke nan muna yawo, gida biyu cikin ɗari huɗu. Duk ƙarshen wata ɗayanmu yana nutsewa, ɗaya yana ja. In sama ta washe muna hango hayaƙin Zugazugi yana tashi kamar yadda na bar shi, ruwa kuma yana ci gaba da hawa, an ce ya fara cin gonakin mutanen tudu. Duk gaɓar da muka ratsa ina tsayawa in ba da wannan labari, kamar yadda na ba ku yanzu, kuma kusan ko'ina sai na hangi basillata a hannun wani, yana sauraro yana gyaɗa kai yana ɗinkinsa shi kaɗai.

Inna tana raye. Kowace safiya nakan ɗauke ta in kai ta bakin daɓe ta sha hantsi. Sai ta juya fuska wajen ruwa ta fara gaida maƙwabtanta na da, gida gida, da sunayensu, tun daga bakin kasuwa har zuwa ƙanwata, tana ɗan dakatawa bayan kowane suna. Mu kuwa muna yin shiru har ta gama.